Gonar Kawu Labbo Ta Yi Kifi

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Kawu Labbo zuwa Maradun ya san halinsa: da an doso dam ɗin Bakolori sai ya juya ƙeya, ya ja hula ta rufe masa ido, har a wuce. Gonarsa ta gado tana ƙarƙashin ruwan nan. Tun da aka tashe su ya dawo Talata Mafara ya kama fawa wajen surukansa, ya kuma ci alwashin kifin dam ba zai taɓa harshensa ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Shekarar da na gama jami'a na raka shi asibiti, likita ya ce jininsa ya hau ƙwarai: ya bar kitse, ya rage gishiri, ya koma kifi. Hankalina ya tashi, don hawan jinin ne ya kashe mahaifiyata.

Na ce, "Kawu, ban ce kifi magani ne ba, amma wataƙila ya fi sauƙi ga zuciya."

"Malam Wataƙila," haka yake kirana, "kifin da ke kiwo bisa gerona? Ai ɓarawo ne. Ba ni cin ɓarawo."

Wata biyu ina binsa yana cin balangunsa. Ranar wata kasuwa jiri ya kayar da shi a rumfa, wuƙa a hannu. Da ya farfaɗo, tsoro ya sa na manta da kunya.

"Kawu, kifin nan me ya ci ya girma?"

"Gonata mana."

"To amfanin gonar wa ke nan?"

Ya daɗe yana kallona. Washegari sai ga shi gaban masunta da kwando, wai ya zo ɗibar amfanin gona. Abin da ya biya su kuwa bai yarda kuɗin kifi ne ba, ladan girbi ne.

Bai tsaya nan ba, ya tafi wurin liman. "Allah gafarta Malam, zakkar gonata nika tambaya. Ɗaya bisa goma ta ruwan sama, ko ɗaya bisa ashirin ta ban-ruwa? Don ban-ruwan da anka yi mata ya wuce misali." Liman ya ce babu zakkar gona a kan kifi. Kawu bai gamsu ba. Duk karfasa ta goma sai ya aika wa maƙwabta.

Daga nan damuwata ta sake salo, domin soyayye yake so, ya sha mai da gishiri, safe da rana. Na roƙi matarsa, Inna Hajo, ta riƙa yi masa farfesu. Ya kurɓa ya yatsina fuska.

"Hajo, wannan dahuwa ce, ko wanka kifin ya sake?"

Na kuma gaya masa na ji ana cewa, ban dai tabbatar ba, wasu na zuba maganin ƙwari a ruwa su kwashe abin da ya taso, kuma irin wannan na iya illata mutum. Nufina ya yi hattara. Shi kuwa sanda ya ɗauka, ya tsaya kan masunta.

"Wa ya ba ku izinin feshi cikin gonata?"

Suka rantse ba su ba ne. Duk da haka, daga ranar sai kifin da ke motsi yake karɓa.

Ya ƙara shekaru masu dama bayan faɗuwar nan. Ba zan ce kifi ne ba, kwana na Allah ne. A ciwonsa na ƙarshe na kai masa romon tarwaɗa, ina ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ya sha cokali uku, ya lumshe ido.

"Malam Wataƙila, bar tsoro. Ƙasar nan tamu har yau tana da kyau."

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba shi gonar da ba mai tashinsa daga cikinta. Amin.