Shekarar da Baba Ya Zaɓi Kanwa

Ranar kasuwar Gaya ce, ta farko bayan an gama yankan dawa, a shekarar da ta gabaci mutuwar shanu. Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin. Tun da sassafe muka taso daga ƙauyenmu na kusa da Toranke, Baba a gaba cikin rigarsa ta saƙi da ba ya sawa sai ran Juma'a, ni a baya da ƙwaryar daddawar Inna da zan yi talla. Da muka isa, sarkin kasuwa ya zaga da Baba ya nuna masa gurbi biyu da babu kowa, duka a bakin babbar hanyar da ta ratsa kasuwa. Ɗaya a layin ma'auna, masu awon gero da dawa, dab da rumfar Kawu Tanko, yayan Inna. Ɗayan a layin 'yan kanwa, ta wajen da Fulani suke shigowa. Ya ce wa Baba ya je ya yi shawara, amma kada ya wuce kasuwa mai zuwa, don akwai masu so. Baba ya tsaya a gurbin farko ya ɗan dubi ƙasa, ya wuce na biyu ya daɗe yana auna faɗinsa da ƙafa.

Abin da ya kai mu can, damina uku a jere Allah ya ba mu albarka. Rumbuna uku muka cika a tsakar gida, har kaji suka daina yi mana kallon arziki. Baba manomi ne ɗan manomi, amma zaman rani yana cin ransa. Daga an gama girbi sai gyaran danga da tufkar igiya da hira a gindin tsamiya, shi kuwa ya tsani hira. Yana so a ce yana da rumfa tasa, ya shimfiɗa buzu, a gaishe shi da sannu da kasuwa.

Mako guda aka yi ana ja a gidanmu. Inna tana kaɗi a inuwar rumbu, ina gefenta ina gurzar auduga, ba ta ko ɗaga kai take faɗin tata. "Malam, hatsin nan naka ne, ba saye za ka yi ba. Ka zauna kusa da Yaya ya nuna maka hannu. In kasuwa ta ƙi, mu ci kayanmu." Baba ya ce, "Ma'auni shi kaɗai ne yake ganin hadari ya haɗu ransa ya ɓaci. Ba zan ci abincin da sai mutane sun ji yunwa yake daɗi ba." Wanda bai zauna a wancan zamani ba zai ɗauka taurin kai ne kawai. A wurinmu kuwa awon hatsi sana'a ce da ake ci da ita ana sunkuyar da kai. Ana cewa dukiyar ma'auni ba ta kaiwa jika. In ruwa ya yi jinkiri aka fita roƙo, ba mai son tsayawa kusa da shi a sahu. Kawu Tanko mutumin kirki ne, bai taɓa tauye mudu ba, duk da haka 'ya'yansa sun sha gori a dandali.

Ni ma fa na sa baki, kuma bayan Baba na bi. Ba don na san komai ba, don ba na so a kira ni 'yar ma'auni a wajen gaɗa, kuma na lura matan Fulani ba sa rowar nono ga 'ya'yan masu kanwa. Baba ya yi dariya ya ce, "Kin ji uwata ma ta faɗa," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Inna ta dube ni kallo ɗaya, ta ci gaba da murza mazarinta.

Sai ga abin da har yau in na tuna nake jin haushi. Mutumin da ya ƙi auna hatsi mudu mudu, shi ya fasa rumbu biyu ya sayar da su a dunƙule, kuma ma'aunan nan da yake gudu su suka saya, Kawu Tanko ya ɗauki mafi yawa. A ganin Baba wannan ba awo ba ne, manomi ne ya sayar da amfanin gonarsa. Da kuɗin wuri da aka ƙirga masa ya tari ayarin da ya fito daga Barno, ya sayi kanwa irin ta dabbobi, gari da dunƙule, jaki ya yi ta sawu. Rumbu ɗaya ya rage mana, da nufin ribar kanwa ta ciyar da mu zuwa kaka.

Watannin farko sun yi daɗi, ba zan yi wa Allah butulci ba. Baba ya kafa rumfa da zana sabuwa, ya share gabanta ya yayyafa ruwa. Fulani daga dajin Ajingi suka san shi, musamman wani dattijo Sambo, mai shanu farare da ba ya yarda a ƙirga. In ya zo sai ya gutsuri kanwa ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce ta yi. Ni kuwa in na sayar da daddawa sai in zauna bayan rumfa muna carafke da 'yan matan ruga, leɓena fari fat da kindirmo. Baba ya saya wa Inna zane baƙi mai sheƙi, ta karɓa ta yi godiya ta ajiye a ƙasan tukunya.

Daga gabas labarin ya fara zuwa, wai shanu suna faɗuwa. Aka ce ai can ne. Kafin wata ya zagayo ciwon ya iso wurinmu. Saniya za ta ƙi kiwo, ido da hanci su yi ta zuba, ta yi zawo, kwana kaɗan ta kwanta. Hanyar da muke bi zuwa Gaya ta zama sai da toshe hanci. Ungulaye suka ƙoshi har ba sa tashi in mun wuce. Wata ranar kasuwa Sambo ya zo ba sanda a kafaɗa, ya zauna a bakin rumfar Baba kamar yadda ya saba. Baba ya miƙa masa kanwa don ya ɗanɗana, bisa sabo. Sambo ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, wa zan ba?" Bai yi kuka ba. Ya ajiye ta a hankali, ya tashi ya nufi layin ma'auna, inda duk Fulanin da suka rasa nono suka koma neman gero.

Hatsi ya yi tashin gwauron zabo. Kanwar miya ɗan gutsure ake saye, mu kuwa tamu ta dabbobi ce, tuli guda, ko kyauta ba mai ɗauka. Rumbunmu ya ƙare ana tsakiyar noman farko. Muka koma tafasa da rama da yaɗiya, Inna tana haɗawa da dusa. Na daina zuwa makarantar allo saboda jiri, na bi manyan mata tonon gidan tururuwa muna kwashe ɗan abin da suka tara. Gaɗa ta mutu a dandali, ba mai ƙarfin tafi.

Ran nan da hantsi sai ga Kawu Tanko da jaki, ya sauke taiki guda a ƙofar ɗakin Inna ya ce kyauta ce, ta 'yar'uwarsa. Inna ta kwance bakin, ta ɗebo ta duba, ta gane geron gonarmu ne. Ta surfa ta daka ta yi tuwo, muka ci har muna haɗawa da hawaye. Baba ya yi wa Kawu godiya yadda ya kamata, ya raka shi har bakin gari, amma da aka kai masa akushi ya rufe ya turo mini. Kwana uku yana haka, yana cin tafasa yana barin tuwon. Inna ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, kuma ina jin da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

A kwana na huɗu ya ce ya ji kanwa tana kuɗi a ƙasar Nufe, akwai ayari mai tashi. Inna ta ce, "Malam, damina ce, gona fa? Ka bari mu ga kaka." Ya ce ba zai zauna surukinsa yana ciyar masa da gida ba. Ya ɗaura wa jaki kaya, ya ɗauki sauran a ka. Na bi shi har bayan gonarmu, ya juyo ya ce, "Koma, uwata, ki taya Innarki noma." Ayarin ya dawo bayan wata bakwai babu shi. Wani ya ce zazzaɓi ne a bakin kogi, wani ya ce 'yan fashi. A gidan Kawu Tanko na ƙarasa girma, aka yi mini aure da kuɗin awo.

Yanzu ga jirgin ƙasa ya zo Kano, ga kantuna da rufin kwano, yaro ya sayar da gyaɗa bana ya koma kananzir baɗi, ba mai tambayarsa sana'ar ubansa. Jikana ma awo yake yi a Gaya, ana gaishe shi da girma, gidansa nake ci nake ƙoshi. Na sha cewa Baba ya yi wauta, kuma ya yi. Amma in na ga yadda ake ɓoye hatsi ana jiran bazara ba ko kunya, sai in ji kewarsa ta taso mini. Har yau ban san inda kabarinsa yake ba.