Saniyar da Saja Ɗayyabu Ya Mayar

A Rurum Tsohon Gari ba mai kiran Ɗayyabu da sunansa, kowa Saja yake ce masa. Shekara goma sha shida ya yi a soja, shida daga ciki a Borno, ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu da akwatin ƙarfe guda. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma gara in faɗa tun yanzu, ina cikin waɗanda suka yi masa dariya.

Mutum ne mai kunya, ba ya ɗaga murya. A majalisa kullum sai ya jingina da bango, idonsa na kan hanya. Ranar Babbar Sallah, kafin a kayar da rago ya sulale ya tafi gona. Wata rana a kasuwar Rano tayar mota ta fashe, sai ga Saja kwance rub da ciki, hannu a ka. Muka yi ta ƙyaƙyata dariya, har aka laƙaba masa Saja Kwanta. Matarsa Lubabatu ta gaya wa maiɗakina cewa tun dawowarsa bai yi barcin kirki ba. Aka ce iska ce, aka kawo rubutu da hayaƙi. In ka tambaye shi jiki, alhamdu lillahi ce kawai amsar.

Mutum ɗaya ne bai taɓa dariya ba, Bappa Ishiyaku, dattijon Bafulatani mai ruga a bayan gari, aminin marigayi mahaifin Saja. Shi sai ya kawo masa farar karsana habbanaye, irin aron da Fulani ke yi wa wanda suke ƙauna: ka riƙe saniya har ta haihu, ɗan ya zama naka, sannan ka mayar da uwar. Bappa ya ce haihuwa ɗaya ce, Saja ya karɓe ta hannu bibbiyu. Ya yi mata rumfa, yana tara mata harawa, yana cire mata kaska da hannunsa. Sau da yawa nakan jiyo shi ta bayan katanga yana yi mata hira, wadda ta fi hirar da yake yi da mu tsawo.

Bara, ana saura kwana goma azumi, Saja ya fara bin gidaje yana neman yafiya. Ya shigo wurina da takalmansa na soja ya ce, "Malam Munzali, ga wannan ka riƙa shiga gona da su. In na taɓa ɓata maka, ka yafe mini." Na yafe, na karɓi takalma, har na yabe shi a majalisa, na ce ku ga mai shirin azumi na gaskiya. Fuskarsa ta washe a kwanakin nan, duk muka ce sauƙi ya samu. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Da hantsi ranar Laraba ya ja saniyar zuwa ruga, tana da tsohon ciki. Bappa ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can.

Saja ya miƙa igiya ya ce, "Bappa, na kawo maka amanarka."

Bappa ya dubi cikin saniyar, ya dubi Saja, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Wata biyu ya rage ta haihu. Tun da nake, ba a mayar da habbanaye da ciki, sai mai tafiyar da ba ya sa ran dawowa. Ɗayyabu, ina za ka?"

Bappa bai yi kwana-kwana ba, ya ce, "Kashe kanka kake so ka yi?"

Nan Saja ya zube a ƙasa ya fashe da kuka. Ya ba shi labarin Mahdi, abokinsa ɗan Kibiya, wanda suka yi musayar wurin zama a mota, motar ta taka bam, Mahdi ya tafi shi ya tsira. Ya ce, "Kullum ina ganinsa, Bappa. Na gaji."

Bappa bai yi masa wa'azin wuta ba, bai ce ya yi haƙuri irin na maza ba. Ya rako shi gida da saniyar, ya zauna a zaure, ya aika aka kira ni da Lubabatu. Washegari mu uku muka kai shi Kano wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan ya ce ciwo ne sananne, abin da ido ya gani a yaƙi ke haifar da shi, sojoji da yawa na fama da shi a ɓoye, kuma yana da magani. Da muka dawo na mayar masa da takalmansa, ban iya haɗa ido da shi ba.

Ba zan ce Saja ya warke ba. Har yanzu bango yake jingina, kuma duk wata yana komawa asibiti. Amma sunan nan na Saja Kwanta ya mutu a majalisa, kuma in ya ce alhamdu lillahi mukan sake tambaya.

Saniyar ta haifi maraƙi bayan Sallah. Da aka yaye shi, Saja ya tambayi Bappa ranar da zai mayar da uwar. Bappa ya ce a danginsu sai ta haihu sau uku. Da Saja ya ba da baya na ce, "Bappa, da ba sau ɗaya ka ce ba?"

Ya ce, "In ta yi ukun ma, huɗu zan ce."