Direban da Ya Koyi Tafiya a Layinsu

Shekara talatin da huɗu Kuwabara Shigeo ya yi yana tuƙin tasi a birnin Osaka na ƙasar Japan, kuma in da hali ba ya taka ƙasa. Ko jarida zai saya a bakin layi sai ya tayar da mota. Matarsa Tomie takan ce da mota na shiga banɗaki, da tuni ya shigar da ita.

Layinsu siriri ne, mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe. Amma ya haɗa manyan tituna biyu, don haka kullum da safe direbobi masu gudun cunkoso ke kwararowa ta ciki, 'yan makaranta suna manne wa bango. Shigeo da kansa ya nuna wa abokan aikinsa wannan yanke, har yana taƙama da shi.

Wadda ta tayar da maganar rufe layin ita ce Hamaguchi mai awara, wata dattijuwa da ke riƙe da shagon mijinta tun rasuwarsa. Madubin wata motar kaya ne ya doke ta a kafaɗa tana shara a ƙofar shago. Tana warkewa ta bi gida-gida tana neman sa hannu. Ranar taron unguwa Shigeo ya miƙe yana huci.

"Titi na mota ne," ya ce. "Mai son yawo ya tafi lambu."

"To Kuwabara-san," in ji Hamaguchi, tana haɗa masa da "san" na girmamawa, "kai ƙofar gidanka a lambu take buɗewa?"

Aka kwashe da dariya, ya zauna kunnuwansa sun yi ja. Bayan wata shida hukumar gari ta kafa turakun ƙarfe biyu a tsakiyar layin. Mai gida a nan yana iya shigowa da motarsa, amma babu zarcewa. Shigeo ya koma zagaye kullum, ya kuma yi rantsuwa ya bar cin awarar Hamaguchi. Tomie ta ci gaba da saye a ɓoye tana juyewa a wani kwano. Shi kuwa ya ci ya lashe baki ya ce, "Kin ji awara, ba irin ta waccan matar ba."

Shekara biyu ana haka. Wata safiya yana ɗaura takalmi sai hannunsa na hagu ya ƙi motsi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi wata uku a asibiti, ya dawo da sanda, tuƙi kuma ya ƙare. Likita ya ce maganinsa tafiya kullum, amma kunya ta hana shi leƙa waje. Da Tomie ta gaji da lallashi, sai ta ɗauki shayinsa na safe ta kai kan wani benci da maƙwabta suka ajiye a ƙetaren layi.

"Baban yara, ga shayinka can. In ya huce, ruwanka."

Ya fito yana ƙunƙuni. Taku goma ya yi, ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaguwa, ya tsaya cak a tsakiyar titi, gumi na tsatsafo masa. Ya ɗaga kafaɗu yana jiran a danna masa hon ta baya, domin ya san abin da shi zai yi da ya tarar da tsoho tsaye a gabansa. Ba a danna ba. Babu abin da yake ji sai ƙarar tsintsiya da rediyon wani gida. Ya tsaya iya son ransa har ƙafar ta yarda. Da ya kai bencin, shayin ya yi sanyi, ya shanye shi tas idonsa na kawo ruwa.

Daga nan kullum sai ya ƙara 'yan taku. Ya san gidan da ake shuka furanni a tukwane a bakin hanya, ya san sunayen yaran da a da bayansu kawai yake gani. Sai da kaka ta shigo ya iya kaiwa shagon awara.

"A'a, Kuwabara-san! Yau ina motar?" in ji Hamaguchi.

Ya sunkuya iyakar yadda bayansa ya yarda. "Godiya na zo yi. Da kin bi ta tawa, da yanzu ina ɗaki ina kallon rufi."

Ta goge hannu a zane, ta jawo masa kujera. "Kai, bar wannan. Zauna kafin ka faɗo min kan kaya." Ta zuba masa madarar waken suya mai zafi, suka sha suna kallon mutane na wucewa.

Yanzu shekararsa saba'in da huɗu. Hannun bai dawo daidai ba, amma da ƙafarsa yake zuwa gidan wanka, ya dawo ya zauna dara da wani tsohon wanzami a inuwa. In rana ta yi tsaka sai Tomie ta fito kiransa cin abinci. Sau da yawa ita ma sai hira ta ɗauke ta, ta zauna, shinkafa na can a tukunya tana jiransu.