Bidiyo Ɗaya da Baba Bai Duba Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni, Shugaban Ƙungiyar Masu Tura Bidiyo ta ƙasa baki ɗaya, ina sanar da dukkan rassanmu cewa ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran dattijonmu mai shagon bakin tasha, wanda kowa ya sani da Baba Sai-na-duba, bayan jinyar kwana shida.

Baba, wannan suna kai ka jawo wa kanka. Ba a taɓa miƙo maka memori a ce ga abin da ke ciki ka yarda ba. Sai ka sauke tabarau kan hanci, ka ƙare wa mutum kallo, ka ce, "Sai na duba." Ka buɗe bidiyon, ka kalli farko, ka tsallaka tsakiya, ka leƙa ƙarshe, sannan ka rubuta masa suna da shekara da wanda ya ɗauka, ka zaɓo hoto daga cikinsa ka ɗora masa a matsayin bango. Sauran shaguna lambobi kawai suke jera wa mutum, ya je can ya yi ta lalube. Kai kuwa cewa kake wanda bai iya karatu ba ai yana da ido.

Tsohuwar nan mai wankau shaida ce. 'Ya'yanta na aiko mata bidiyon jikoki daga nesa, duk sun cakuɗe mata a waya. Ka zaunar da ita a kujerarka, ka yini kana ɗora fuskar kowane jika a kan nasa. Jiya ta zo gaisuwa da wayar ƙulle a gefen zane.

Mun kuma tuna mutumin da ya zo a mayar masa da shekarar wani bidiyo baya, don ya ci shari'ar fili. Ka raka shi har bakin ƙofa da kyakkyawar magana, ka dawo ka ƙirga kujerunka.

Har shaƙiyyin telan nan na shagon jikin naka bai taɓa cin galabarka ba. Da ka tafi alwala sai ya lallaɓo ya sauya maka bango. Ya taɓa ɗora hoton ɗan kokawa a kan karatun liman, kafin azahar ka gano. Maimakon ka kore shi, ka ce tunda hannunsa na ƙaiƙayi, ya zauna ya koyi boko a kan kwamfutarka, don allo kaɗai ya yi.

Sai dai, Baba, ka tafi ka bar ƙura a gidanka. A kwamfutar akwai bidiyo na minti huɗu, marigayiya matarka tana yi wa 'yarku kitso tana dariya. Shi kaɗai ne ya rage da muryarta. Bayan kwana uku da rasuwarka 'yarka ta zo ɗauka, ta nema da sunan da ka sa masa, babu. Ta bi hotuna ɗaya bayan ɗaya tana neman fuskar mahaifiyarta, babu. Ƙaninka ne ke riƙe da makullin shago, sai ta juya ta dube shi.

"Baffa, me mahaifiyata ta yi maka?"

"'Yar nan, ni da ko linzamin kwamfutar ban iya riƙewa ba?"

Shi yana zargin mai gyaran kwamfuta, mai gyara yana zargin surukinka, surukin ya ce a tambayi mai shara. Tun ranar Juma'a 'yarka ba ta gaishe da baffanta ba, shi kuma ya daina zama a tabarmar makoki. Ƙungiya ta zauna a kan maganar, kuma tana ganin an bar wanda ya kamata a fara tuhuma yana ta raba wa baƙi ruwa, kansa a sunkuye.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da matarka a Aljanna. Muna miƙa ta'aziyya ga 'yarka da ƙaninka da dukkan dangi, Allah ya ba su haƙuri, ya haɗa kansu. Amin.

Saura magana ɗaya. Babu wata ƙungiya, babu shugaba. Ni ne telan. Na san in da sunana na fara, ba mai karantawa har ƙarshe.

Ana gobe za ka kwanta jinya, ka tafi alwala, na cire fuskar Mama daga bidiyon na ɗora hoton injin ban ruwa, na rubuta masa "gyaran famfo" da baƙaƙen ajami irin na allo don kada nema ya fito da shi, na jefa shi cikin foldar gyare-gyare. Na koma kan kekena ina dariya, ina jira ka kama ni kafin magariba. Ba ka sake buɗe shagon ba. Da rigima ta tashi, na tsorata, na tsaya ina kallo ana ɗora wa dattijo laifina.

Yaya, 'yar Baba, bidiyon yana nan lafiya, shi ne na bakwai daga sama a cikin foldar. Baffa bai taɓa komai ba. Ki fara biyawa ta gidansa ki gaishe shi, sannan ki zo. Ina shago, ban gudu ba.