Awa Ukun Mai Aski

Shekara talatin da ɗaya mai askin nan yana ɗora aska a maƙogwaron mutane, ko ƙwarzane bai taɓa yi wa kowa ba. Kwatsam hannun dama ya fara rawa. Likita ya ce ciwon karkarwa ne, wanda suke kira Fakinsin, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Ya rubuta masa ƙwaya, ya ja masa kunne: a sha kafin abinci, ban da nama ko madara kusa da ita, don suna tare mata hanya.

Ƙwayar kuwa marowaciya ce. In ya sha ƙarfe bakwai, sai ta ara masa hannunsa daga takwas zuwa sha ɗaya, sannan ta ƙwace abinta. Masu zuwa aski ba su tsaya jin wannan bayani ba, tuni suka watse. Mutanen da ya yi wa askin angonci fa! Yanzu sai dai su ɗago masa hannu daga nesa. Mutum ɗaya ya rage masa, tsohon hedimasta, duk Asabar ƙarfe tara.

Wata Asabar 'yar mai askin ta yi sammako ta zo da kwanon nama da madara, ta tarar zai haɗiyi ƙwayar.

"Haba Baba! Wa ke shan magani da yunwa? So kake ya tsinka maka hanji?"

"Likita ne ya ce..."

"Likitan ne zai yi jinyarka? Ci, don Allah."

Tafiyar awa biyu ta yi da kwanon a cinya. Ya ci.

Ƙarfe tara hedimasta na kan kujera, tawul a wuya, kumfa a haɓa, hannu bai dawo ba. Askar sai kaɗawa take, tsohon yana kallo ta madubi. Ya rufe ido, ya ɗaga haɓa.

"Bismillah, yi aikinka."

Wannan yardar ita ta fi komai ƙona wa mai askin rai. Ya naɗe askar.

"Malam, yau ka tsallaka wajen masu injin askin can."

Asabar ta zagayo, ya sha ƙwayarsa cikinsa wayam. Ƙarfe takwas hannu ya tsaya cak, ya wasa aska, ya shimfiɗa tawul. Tara ta yi, goma ta wuce. Can ya hango hedimasta yana fitowa daga shagon tsallake, haɓa fes. Tsohon ya ɗan tsaya, ya ɗago masa hannu daga nesa.