Idris, Makaɗin Japan da Ya Yi Jinya a Gidanmu

Shekara goma ke nan da rasuwar abokina Idris, mutumin Japan, kuma duk faɗin Makka ban san wanda zan zauna da shi mu yi hirarsa ba. Shi ya sa na rubuto muku, ku da ke can gida, ƙasar da mahaifina ya baro da ƙafa, ni kuwa ban taɓa taka ta ba.

A Mina na tsince shi, wajen jifan Shaiɗan, 'yan shekaru kafin yaƙin duniya na biyu. Lokacin ina saurayi, ina dukanci a Jarwal, unguwar da mutanenmu suka fi yawa. Turereniya ce ta kayar da shi, aka take masa hannun dama. Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa, ya tallabe hannun yana kallonsa kamar wanda aka miƙo wa gawar ɗansa. Na kai shi wajen mahaifiyata, Inna, wadda ta gaji ɗori wurin mahaifinta. Ta shafa yatsun, ta ce biyu sun karye, ta ɗora su. Abokan tafiyarsa suka hau jirgin ruwa a Jidda, shi kuwa ya zauna a ɗakina.

Larabcinsa guntu-guntu ne. A Alƙahira ya koyo shi, a can kuma ya musulunta. Da ƙyar na gane sana'arsa: fiyano yake kaɗawa, wani ƙaton akwati mai jerin haƙora farare da baƙaƙe, ana danna su da yatsu goma. Tun yana ƙarami aka tura shi Turai koyo. Ya yi wasa a Berlin da Paris da wasu biranen da na kasa riƙe sunayensu, kuma mutane kan cika zaure su yi tsit don su saurare shi. Na yi dariya da ya gaya mini, domin a wurinmu makaɗi ne ke bin mutane.

A Makka ta wancan zamani kiɗa abin ɓoyewa ne, ko garmaho aka kama a gidan mutum sai an fasa shi. Bayan la'asar Idris yakan hau rufin gida da katakon da nake yanka fata a kai, ya ɗora shi a cinya, ya rufe ido, yana dannawa da hannun hagu. Ni ba na jin komai sai ƙas-ƙas. Shi kuwa fuskarsa takan sauya, wani lokaci har ya yi murmushi. Ina zaune kusa da shi, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma ya yi mini nisa fiye da ƙasarsu.

Da aka kwance ɗorin, ƙashi ya haɗu, amma yatsa ɗaya ya sandare. Ya gwada a katakon sau ɗaya, ya ajiye. Bayan 'yan kwanaki ya ce mana ya yanke shawara: zai zauna a Makka in koya masa dukanci, wataƙila Allah ne ya zaɓa masa haka. Na ji daɗi ƙwarai, don ba ni da ɗan'uwa namiji. Inna ce ba ta yarda ba.

"Idris, ɗana, kai ba baduku ba ne," in ji ta. "Kullum ina jin ka a sama kana ƙwanƙwasa katako. Ban ɗora hannun nan don ka zauna kana huda fata ba."

Ya ɗaga yatsan ya ce, "Inna, ai ya mutu."

"Ɗaya ne ya mutu. Sauran taran fa, har da su za ka binne?"

Maganar Inna ta shige shi, ya fasa zama. Na raka shi Jidda. A bakin teku ya rungume ni, ya ce in Allah ya yarda sai ya dawo. Bayan 'yan shekaru yaƙi ya ɓarke, labari ya yanke.

Shekaru suka wuce. Wata rana bayan aikin Hajji wani likita Baturke ya shigo Jarwal yana tambayar gidan matar da ke ɗori. Shi ne ya yi jinyar Idris a ƙarshen rayuwarsa, daga bakinsa kuma muka ji sauran. Idris ya bar danna fiyano a gaban jama'a, ya koma jagoran makaɗa: yakan tsaya gaban taron masu goge da masu busa, riƙe da siririyar sanda, kowa yana bin motsin hannunsa. Sunansa ya fi na da fita. Yaƙin ya rutsa da shi a Turai, kuma yana can wuta ta cinye gidansu a Japan da mahaifiyarsa a ciki. Bai sake komawa gida ba. Ya yi ta yawo daga wannan birni zuwa wancan, har tarin fuka ya kwantar da shi a Istanbul. Likitan ya ce Idris ya yi niyyar zuwa Hajji a shekarar da ya rasu, kuma waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu ba. Ko arba'in bai kai ba.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shige ɗaki. Ita ma ba ta daɗe ba bayan haka.

Yau Makka ta sauya. Ana faɗaɗa Harami, ana rushe tsofaffin gidaje, alhazai na sauka a jirgin sama, mu ma mun koma unguwar Mansur. Rediyo na amo a kowane shagon gahawa. Nakan tambayi kaina me Idris zai ce da ya ga haka, shi da ya yi watanni a garin nan bai ji sautin sana'arsa ba. Ina jin zai yi murmushi, ya nemi a rage ƙarar. Wani lokaci ina murɗa rediyo sai in faɗa tashar da ake irin kiɗansu, in tsaya. 'Ya'yana, waɗanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, sukan ce, "Yaba," wato Baba, "me kake ji a kiɗan Nasara?" Ban san yadda zan gaya musu cewa ƙila abokina ne ba, kuma ko shi ne ba zan gane ba.

An ce akwai faya-fayai masu ɗauke da sunansa a ƙasashen Turai. Wannan rabonsu ne. A nan babu kabarinsa, babu danginsa, ni kaɗai na rage da na san ya taɓa ratsa garin. Saboda haka a watan Rajab da ya wuce na fita wajen gari na ɗaura harami, na yi masa umra. Ina ɗaga murya da niyya na ambaci sunansa, sai wani dattijo Bakano da ke gefena ya juyo.

"Allah ya jiƙansa. Ɗan'uwanka ne, Alhaji?"

Na ce e.

"Mutumin ina ne?"

Na ce, "Ɗan gidanmu ne."