Layin da Dada Ta Tsaya

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Buba, kuma har yau in aka ce zaɓen kansiloli ya matso a Gombe, sai fara'ata ta ɗauke. Mutane suna zaton kewa ce. Akwai kewar, amma kishi ya fi yawa.

Buba ɗan ƙanen babana ne. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, mahaifiyata Dada ta ɗauke shi ta goya. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce ta gaske, saboda haka kunya ba ta taɓa barinta ta faɗi sunana ba. Ni "wancan" ne. Shi kuwa "Bubana", da baki cike.

Lokacin da kuɗin fetur ya fara shigowa, gari ya cika da sababbin babura, aka yanka mazaɓu aka ce kowace ta fitar da kansila. Unguwar Kagarawal duk gonaki ce a lokacin, Tumfure da nake zaune yanzu kuwa sai makiyaya. Ni da Buba muka nuna sha'awa. Dattawan unguwa suka ce gida ɗaya ba zai tsayar da mutum biyu ba, a taru a filin firamare, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. A shekarar ce mata suka fara fitowa zaɓe.

Na tsaya da sabuwar shaddata ina kallon hanya. Ga Dada nan tafe, matan unguwa na biye da ita. Ta zo dab da ni, ta ja mayafi ta kare fuskarta, ta wuce bayan Buba. Matan suka bi ta ɗuu.

Maƙwabcinmu Malam Iliya, Batangale malamin makaranta, yana bayana. Ya dafa ni ya ce, "Malam, yi haƙuri. Ka taɓa ganin Bafulatana ta tsaya bayan ɗan farinta a gaban jama'a?"

Na sani. Sanin bai rage mini komai ba.

Buba ya yi kansila, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki. Shi ya jawo mana famfo, shi ya tsaya aka yi gada a kwarin da ke cinye mana hanya duk damina. Da zai leƙo yau ya ga ana sanar da wanda ya ci tun akwati bai iso ba, na san dariyar nan tasa mai ban haushi zai yi, ya kira ni yaya da Fulatanci ya ce, "Hamma, mu dai ko ba komai an ga layinmu." Ni ma na ga nawa, bai kai rabin nasa ba.

Famfon ya daɗe da ƙafewa, mazaɓar an tsaga ta, yaran yanzu ba su san sunansa ba. Gadar ce kawai ta rage, sai ni da nake tuna shi kullum. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ban taɓa yi masa hassadar kujera ba. Abin da na so shi ne Dada ta tsaya bayana sau ɗaya.

Ranar da muka kai shi makwanci, masu haƙa suka sami fili dab da kabarin Dada. Har a can ma ya riga ni.